Gungumen Kirsimeti

Tun da aka gama girbin shinkafa gungumen yake kwance cikin fadama yana shan ruwa. Quash ne ya nutsar da shi, matarsa Tenah ce ta zaɓe shi da kanta. A gandun Maigida Ransom, kamar sauran gandayen Carolina ta Kudu, bayi na hutun Kirsimeti ne muddin babban gungume na ci a murhun falo. Ba a fita gona, ba a kuma ɗaukar kowa daga gidan sai ya zama toka. Shi ya sa kowace shekara bayi ke jiƙa shi a ɓoye don ya daɗe.

Bana kuwa ba hutu Tenah ke nema ba. An sayar da ɗanta Cudjo ga wani mai gonar auduga a Mississippi, za a tafi da shi da zarar wutar ta mutu. Kwanakin da suka rage mata da shi suna cikin wannan icen.

Ita ke dafa abincin gidan, saboda haka kunnenta ya gaji da zancen teburi. Tun da jihohin arewa suka zaɓi sabon shugaban ƙasa, baƙin Maigida ba su da wata hira. Wai zai hana a kai bayi sababbin ƙasashen yamma, wai mutanen arewa sun daina mayar da bawan da ya gudu, wai in aka zauna tare da su wata rana mutum zai wayi gari ba shi da dukiya. Tenah na zuba musu miya, ita ce dukiyar, amma ba mai ɗaga kai ya dube ta. Da ta kai wa Quash labari, dariya ya yi, ya ce ashe su ma suna da mai hana su barci.

Ana saura kwanaki kaɗan Kirsimeti, wani mahayi ya shigo da la'asar yana kaɗa hula. An gama taro a birnin Charleston, jihar Carolina ta Kudu ta ɓalle daga sauran ƙasar. Maigida ya fito baranda fuska jawur don murna, ya ce a hura wutar da za a hango daga ƙetaren kogi. Aka kwaso kirare da tsofaffin ganguna, bai ga sun isa ba. Sai idonsa ya faɗa kan gungumen da aka ciro daga fadama aka jingine a bayan ɗakin girki.

"Maigida, wannan na Kirsimeti ne," in ji Tenah.

"Yau ta fi Kirsimeti, Tenah. Yau muka sami 'yancinmu."

Gungumen ya ƙi ci. Ya yi ta huci yana tsiyayar ruwan fadama, har baƙi suka fara dariya. Quash ya sunkuyar da kai. Maigida ya sa a kawo kwalta, Cudjo kuma ya fi kusa, shi aka miƙa wa bokitin. Ya dubi uwarsa, ta kawar da kai, ya zuba. Wallahi Tenah ba ta ko iya kuka ba, gajiya kawai ta ji har cikin ƙashi.

Da safe ta tona tokar da cokali, ta sami garwashi guda mai rai. Ta kai shi murhunta, ta rufa masa ƙaiƙayin shinkafa, sannan ta je ta tsaya a ƙofar falo ta shaida wa Maigida cewa gungumen bai mutu ba tukuna. Bai yi fushi ba. Har murmushi ya yi, ya ce ta cika wayo, amma yanzu sabuwar ƙasa ake ciki, hanya na iya rufewa, mai audugar ba zai jira ba.

Kafin azahar keken dokin mai audugar ya zo. Cudjo ya ce, "Inna, ki shiga ciki, akwai sanyi." Ba ta shiga ba sai da keken ya sha kwana.

Da yamma Quash ya same ta durƙushe a bakin murhu tana hura garwashin.

"'Yar tsohuwa, bar shi haka nan."

Ta ƙara masa ƙaiƙayi.