Dokin Da Malama Ta Bayar

Murfin kwalbar maganin tari ne zaune a gurbin farin sojan da ya ɓace. Malama ta lura da shi tana jawo kujera kusa da gadon Baba Mai Agogo, maƙwabcinsu na ɗakin ƙasa. Allon ces, darar Turawa, yana kan cinyarsa, ya jera 'ya'yan kamar yadda suke a tsakiyar wasansu na jiya.

"Zauna," ya ce, ko gaisuwarta bai amsa ba. "Nuna mini."

Dokarsa ce tun tana 'yar makaranta, lokacin da ya koya mata wasan a bakin shagonsa: ba a buɗe sabon wasa sai wanda ya sha kashi ya maimaita tsohon daga farko, ya ɗora yatsa a inda ya ɓata. Jiya ita ce ta sha kashi.

"Nan ne, Baba. Na kai dokina bakin sarauniyarka. Ban gani ba."

"Ba ki gani ba." Ya jira tari ya sake shi. "Tun safe nake juya wasan nan. Kuskure yana da hanyarsa, 'yar nan, ana ganin abin da mutum ya so yi bai samu ba. Wannan kuwa ba uwa ba uba. Sadaka kika ba ni."

Ta sunkuyar da kai. Jiya ta ji abin da likita ya faɗa wa 'yarsa a bakin ƙofa, shi ya sa ta so ya kwana da daɗin nasara.

"Ƙannena sun zo sun ce na yi ƙiba. 'Yata ta ce jibi zan koma shago. Kowa ƙarya yake mini da fara'a. Allon nan kaɗai ya rage. In ke ma nan za ki kawo ta, ga ƙofa."

Malama ta sauke jakarta ƙasa, ta sake jera 'ya'yan.

Hannunsa rawa yake, sai ya faɗi inda yake so ta ajiye masa. Ta cinye soja, ta cinye doki. Da ta kai hannu kan sarauniyarsa sai ta tsaya. Ya zuba mata ido. Ta ɗauke ta.

'Yarsa ta leƙo da kwanon ruwa. "Haba Malama, ki tausaya wa tsoho mana."

"Ke, ajiye ki fita. Ko doki da jaki ba ki rarrabewa."

Da sarkinsa ya rasa mafita, dariya ya yi har sai da aka tallafe shi. "Ja'ira! Ashe kina da haƙora. Kada ki gaya mini, ni zan nemo inda na ɓata."

Ba su sake wasa ba. In ta leƙa da yamma ta kan same shi a jingine, numfashi sama-sama, yatsansa yana yawo a kan allon. Ranar da ya cika tana aji. Ta dawo ta tarar da mutane har bakin titi.

Bayan an watse 'yarsa ta ja ta ɗakin. An yaye zanin gadon, katifa tsirara. Allon yana kan teburi, kusan duk 'ya'yan a gidajensu na farko.

"Ya hana a taɓa. Ya ce a gaya miki ya gano, wai sojan gefe ne." Ta share ido da bakin mayafi. "Haka ne kuwa, ko zafin ciwo ne?"

Malama ta duƙa. Ita a zatonta wajen sarauniya wasan ya lalace. Ta bi sojan gefen da ido, taku bayan taku, ta ga ƙofar da ya buɗe mata tun wasa bai yi nisa ba, ƙofar da ta shiga ba tare da ta san daga ina ta buɗu ba.

Ta gyaɗa wa 'yarsa kai. Ta ɗan tsaya, hannunta a bayan kujerar, sannan ta mayar da ita jikin bango, ta ɗaga labule ta fita.