Ƙoshiyar Kondiba

A masaƙun auduga na Bombay, a ƙasar Indiya, idan zare ya ƙare, masaƙi kan sa sabo a ƙoshiya, ya kai ta baki ya tsotso bakin zaren ta 'yar kafa. Saboda wannan yawun ba a ɗaukar Mahar, jinsin da ake ƙyama har ba a taɓa jikinsu, a ɗakin saƙa. Wurinsu ɗakin kaɗi, inda ƙura ta fi yawa, lada ya fi ƙanƙanta.

Kondiba Mahar ne. Lokacin da fari ya koro shi daga ƙauyensu a Satara, sai ya gaya wa mukaddam, mai ɗaukar ma'aikata, cewa shi Maratha ne, manomi ɗan manomi. Ba wanda ya bincika. Ya ƙware, ya kama rabin ɗaki, ya aika a sako masa matarsa a jirgin ƙasa.

Farin da ya biyo baya ya koro Bhiku, ɗan dagacin ƙauyensu. A bakin famfo suka haɗu.

"Ɗan mai jan mushe, har da ƙiba?" in ji Bhiku a hankali, don a ƙauye jan mushe aikin Mahar ne.

Kondiba ya roƙe shi ya rufa masa asiri. Bhiku ya rantse ba zai faɗa ba, ya ce nan birni ne, kowa cikinsa ya kawo shi. Da gaske kuma yake yi.

Da mukaddam ya ji garinsu ɗaya, sai ya ce Kondiba ya koya masa aiki. Kondiba ya tsotso zare ya nuna masa, ya zare shi, ya miƙa masa ƙoshiyar. Bhiku ya goge ta da rigarsa, ya kai kusa da baki, ya tsaya. Ya sake gogewa.

"Malam, ba amarya ba ce da za ka ji kunyarta," in ji mukaddam. Aka yi dariya.

Bhiku ya ce ko za a ba shi wata. Mukaddam ya daina dariya, ya tambaye shi me wannan ta yi. Bhiku ya sunkuyar da kai. Ba a sake tambayarsa ba, don mukaddam ya riga ya gane asalin Kondiba.

Kafin azahar an fitar da Kondiba, an wanke duk ƙoshiyar da ya taɓa. Injinsa aka ba Bhiku.

Washegari ya bi layi a ƙofar ɗakin kaɗi, aka ce an cika. Daga nan ya wuce tasha taryen matarsa.