Jirgi Ɗaya a Bakin Gashua

Sabitu yana kwance igiyar kwalekwalensa aka dafa masa kafaɗu biyu lokaci guda. A dama kofur ne da bindiga. A hagu wani ne da rigar hukumar agaji, an rubuta Zakir a ƙirjinta.

"Jirgin nan muke so, sintiri za mu," in ji kofur.

"Wane sintiri, mutane na kan rufin ɗaki?" in ji Zakir. "Malam, ni za ka ɗauka."

Kwana uku ke nan ruwa ya shanye unguwar tsallake. Mahaifin Sabitu yana can, ƙafafu a kumbure, motar da za ta kai shi asibitin Nguru kuwa ƙarfe goma za ta tashi. Likita ya riga ya faɗi abin da zai biyo baya in aka tsallake wankin ƙoda na yau.

"Yallaɓai, ina naku jiragen?" Sabitu ya tambaya. "Jiya na ji ana ta faɗa a rediyo, wai majalisa ta ware muku biliyoyi."

"Su aka ware wa!" Tare suka faɗa, kowa ya nuna ɗan'uwansa.

Sabitu ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya dubi rana.

"Ku shiga duka."

Ko tsakiyar kogi ba su kai ba gardama ta dawo. Kofur ya ce in babu tsaro wa zai rage a agaza wa. Zakir ya ce gawa ai ba ta buƙatar gadi. Kofur ya miƙe, Zakir ya miƙe, jirgi ya karkata ya ɗebi ruwa, inji ya yi tari ya mutu.

"Ku zauna!" Sabitu bai san sanda ya daka wa mai bindiga tsawa ba. "A cikin jirgi ni ne gwamna. Oga, riƙe gora ka tura. Kai kuma ga ƙwarya, kwarfe ruwan nan."

Kofur ya kama gora, Zakir ya kama ƙwarya. Maimakon Sabitu ya bi inda ɗayansu ke so, sai ya karya kan jirgin cikin lungun gidan mahaifinsa.

Suka tarar da tsohon a kan tarin buhunan yashi, ƙaramar rediyonsa manne da kunne. Kofur ya rataya bindiga ya ɗauko shi cak kamar jariri. Tsoho ya shafa kakin soja, ya dubi rigar agaji, idanunsa suka kawo ruwa.

"Allahu akbar! Ashe gwamnati ta san da ni. Har mutum biyu, da jirgi!"

Zakir ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da kwarfa.

"Sabitu, batirina ya mutu ana tsaka da muhawarar majalisa kan kuɗin tsaro da na agaji. A cikinsu wa ya ci?"

Sabitu ya ɗauki gorar daga gefen kofur. Tara da rabi ta gota.

"Wallahi Baba ban gane ba. Ɗaga ƙafarka, ruwa na shigowa."