Ƙofar Bas ɗin Direba

Shekara ashirin da biyu Direba ya yi yana tuƙa doguwar bas ta cikin gari, irin mai ƙofa a tsakiya wadda ke naɗewa biyu. Wata safiya ya sunkuya zai ɗaura igiyar takalmi, sai ya kife a tsakar ɗaki. Da aka sallamo shi daga asibiti ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya ɗan karkace, aiki kuwa ya ƙare ke nan.

Matar da ke gasa masa hannu a asibiti ce ta ce a sayo masa 'yan bulon nan na roba da yara ke harhaɗawa, don yatsun su riƙa motsi. Da farko ya ce an mai da shi jariri. Bayan wata biyu ko kiran abinci ba ya ji. Teburin falo ya cika da gwangwanayen madara, kowane da kalar bulon da ke cikinsa, matarsa kuwa ta koyi tafiya da takalmi a cikin ɗaki saboda abin da ta sha takawa. Daga baya ya ji labarin wata ƙungiya ta manyan mutane masu irin wannan sha'awa. Duk Asabar suna haɗuwa a ɗakin baya na wani shagon littattafai, malamai da ma'aikatan banki da wani mai kemis, wasu har da furfura, suna ta gardama a kan faɗin taya da tsawon gilashin gaba.

Wata goma sha huɗu ya yi yana gina bas ɗinsa, da hannun hagu da yatsu biyu na dama da suka ɗan farfaɗo. Ja ce, tsawonta kamu ɗaya, kuma ba takardar da ya bi. Idan ka murɗa wani ɗan maɓalli a bayanta, ƙofar tsakiya sai ta naɗe, matattakala ta sauko a lokaci guda. Ranar da ya kai ta ƙungiya kowa ya murɗa, kowa ya leƙa ƙasanta, ba wanda ya gane yadda abin yake.

Shugaban ƙungiyar ana ce masa Injiniya. Tayil da kayan bayi yake sayarwa, bai taɓa shiga ajin injiniyanci ba, sunan ne kawai ya bi shi shi kuma bai hana ba. Yana da kabad na gilashi har huɗu cike da motocin da ya saya a kwali ya haɗa shafi bayan shafi. Shi ne ya nemi aron bas ɗin, wai zai ɗauke ta hoto mai kyau. Bayan mako uku ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ko zama bai yi ba, ya miƙa wa matar Direba baƙar leda.

"A ba shi haƙuri," in ji shi. "Faɗowa ta yi daga kan kabad."

Direba ya zazzage ledar a kan tebur. Jajayen bulon jikin motar duk suna nan, amma ƙasanta babu, kayan ƙofar ma babu. Ba a yi wata biyu ba sai ga hoto a wayoyin 'yan ƙungiya: shuɗiyar bas, ƙofa tana naɗewa, matattakala tana saukowa, an rubuta a ƙasa cewa sabuwar ƙirar Injiniya ce.

Direba ya dogara sandarsa ya je taron Asabar don ya faɗa musu ƙirarsa ce aka sace. Idan ransa ya ɓaci harshensa yakan yi nauyi, ranar kuwa ya yi nauyi ƙwarai. Injiniya ya bar shi ya gama kokawa da kalmomin, sannan ya dafa masa kafaɗa ya dubi jama'a.

"Ciwon nan yana taɓa tunani," ya ce a hankali. "Mu yi wa bawan Allah uzuri."

Kowa ya sunkuyar da kai a kan abin da yake haɗawa. Bayan 'yan makonni ciwon ya sake taɓa Direba, ya ƙwace yatsu biyun nan. Sai ya sa aka rufe gwangwanayen aka tura su ƙarƙashin gado.

Direba yana da ƙanwa, ita ce auta a gidansu, kuma da Auta kowa ke kiranta duk da ta haura arba'in. Ɗinki take yi, tana da shago mai keke uku. A dangi an san ta da abu ɗaya: ba ta faɗa, amma ba ta mantuwa. Ran wata Lahadi ta zo gaisuwa ta tarar da teburin falo fayau, sai matar yayan nata ta ja ta kicin ta kwashe labari ta faɗa mata.

Auta ta dawo falo ta zauna a gabansa. "Yaya, ina shagon mutumin yake?"

"Bar shi da Allah, Auta."

"Na bar shi da Allah," ta ce. "Amma ai Allah yakan aiko mutum."

Ta durƙusa ta jawo gwangwanayen daga ƙarƙashin gado, ta ce ya koya mata ƙofar. Ya ƙi. Ta dawo washegari, ta sake dawowa jibi, har ya gaji ya ce ta miƙo gwangwanin baƙaƙe.

Haka suka yi wata biyar, bakinsa da hannunta. Ba malami ne mai haƙuri ba. "Ba wannan ba, 'yar tayar nan mai haƙora takwas na ce. Ke idonki na ado ne?" Ita kuma ta haɗiye. Wani lokaci shi kansa yakan manta yadda ya yi, su kwana uku a kan 'yar sandar roba ɗaya. Amma wadda ta saba kallon yadi ta ga riga a cikinsa ba ta daɗe ba ta fara ganin yadda wannan haƙori ke tura wancan. Ranar da ƙofar ta naɗe a hannunta, Direba ya juya fuska wajen taga. Auta ba ta tsaya nan ba. Ta kai kayan shago, duk sa'ad da ba mai awo sai ta wargaza ta sake haɗawa, har ta kai tana yi tana hira da masu jiran ɗinki.

Sannan ta shiga ƙungiyar. Injiniya bai taɓa ganinta ba. Ta je da wata 'yar mota karkatacciya da ta haɗa da gangan, ta ce ita sabuwa ce, a taimaka mata. Duk abin da ya faɗa sai ta riƙe haɓa.

"Yallaɓai, wannan ƙofar kai kaɗai ka zauna ka ƙirƙiro ta?"

"Baiwa ce, Malama," ya ce. "Wani abin ba a koyar da shi."

"Gaskiya ne," in ji Auta.

Mutum ɗaya ne ya gane ta, wani malamin lissafi da ya taɓa zuwa duba Direba a gida. Ya tare ta a bakin shagon littattafan ya ce kamar ya san fuskar nan.

"In ka san ta," ta ce, "ka yi irin shirun da ka yi rannan da aka ci mutuncin yayana."

Bai sake ko kallon inda take ba.

Duk shekara ƙungiyar na yin baje koli a babban ɗakin taro na wani rukunin shaguna, a gayyato alƙalai uku daga wasu ƙungiyoyi. Auta ta ɗinka wa teburan rufi na karan-miski kyauta, don haka da aka zo rabon aiki ba wanda ya yi musu da aka ce ita za ta jera motocin. Ranar, tun ƙarfe takwas aka kawo kaya. Injiniya ya damƙa mata bas ɗin da hannunsa, ya ce a sa ta a tsakiya, ya koma gida ya sako kwat.

Ta kai ta bayan labule. Ta ɗaga shuɗin jikin gaba ɗaya kamar murfin tukunya, sai ga aikin yayanta a ƙasa, ko bulo ɗaya ba a taɓa ba. A gefen wasu bulon akwai 'yan tabo ƙanana, inda ya riƙa sa haƙori yana ɓamɓarewa saboda hannun ba ya iyawa. Ta daɗe tana kallon tabon. Sannan ta fara cirewa, ɗaya bayan ɗaya, tana zubawa a faranti.

Daga nan ta je wajen mai sanarwa ta raɗa masa magana. Ƙarfe goma da rabi, ɗaki ya cika, Injiniya na shigowa sai ya ji lasifika na cewa shugaban ƙungiya zai nuna wa jama'a yadda ya haɗa shahararriyar ƙofar nan tasa, daga farko har ƙarshe. Aka yi tafi. Ya iso tebur ya ga shuɗin jikin motar a gefe, faranti a gefe, an ma ajiye masa kujera.

"Mene ne wannan?" ya tambaye ta ƙasa-ƙasa.

"Faɗowa ta yi, Yallaɓai," ta ce da muryar da na baya ma za su ji. "Amma ba abin da ya ɓata. Guda ɗari da goma sha bakwai ne, na ƙirga. Tunda kai ka ƙera ta, ai kamar sa maɓallin riga ne a wajenka."

Mutane sun riga sun kewaye teburin, wayoyi a sama. Alƙalan uku suka matso gaba. Injiniya ya zauna.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ya ɗauki wannan ya ajiye, ya haɗa wancan ya cire. Ya ce ya baro tabaraunsa a mota, sai wani ya nuna masa shi a aljihun kwat. Ya ce akwai abin da ya ɓata, Auta ta jawo farantin ta sake ƙirgawa a gaban kowa, a hankali, tana ɗaga kowane ɗaya sama. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ita kuwa tana tsaye a kansa da hannu a baya, tana duban agogon bango, kuma ba abin da ta ji a ranta sai sanyi.

Da aka yi minti arba'in, ɗaya daga cikin alƙalan, wata dattijuwa, ta tambaye shi ko tayoyi masu haƙora nawa ne ke saukar da matattakalar. Ya ce huɗu. Ya ce a'a, biyu.

"Uku ne," in ji Auta. "Ɗan matsa, Yallaɓai."

Ta ja farantin gabanta. Ba ta ɗaga kai ba sai bayan minti ashirin da shida. Ta murɗa maɓallin, ƙofa ta naɗe, matattakala ta sauko.

Dattijuwar ta tambaye ta ko ita wace ce.

"Ƙanwar wanda ya ƙera ta ce. Yana gida, hannunsa ya mutu." Ta nuna mata gefen bulon. "Wannan sawun haƙorinsa ne. In shugaba ya ce nasa ne, ya buɗe baki a gwada."

Wani ya fashe da dariya, saura suka bi. A nan ne malamin lissafi ya samu murya, ya ce shi shaida ne, bas ɗin ja ce a da, kuma a gabansa Direba ya fara kawo ta. Mai kemis ma ya ce ya tuna.

Injiniya ya miƙe yana cewa ko ba komai shuɗayen bulon nasa ne. Ta ce haka ne. Ta ɓarɓashe shuɗin jikin a cikin leda, ta ƙulle bakin, ta ɗora masa a hannu. Ta rungumi ƙasan motar ta fita ta tsakiyar mutane.

Ta zaci Direba zai yi murna. Ya sa ta ajiye masa a cinya, ya juya ta da hannun hagu, ya daɗe yana dubawa.

"Wargaza ta kika yi?"

"Na mayar da ita, Yaya. Murɗa ka gani."

"Ke kika mayar," ya ce. "Waccan ni na yi. Ita ce abu na ƙarshe da hannun nan ya yi."

Wannan bai taɓa zuwar mata a rai ba. Ta ce, "Ka yi haƙuri. Amma da za a sake, haka zan yi."

Ya ce ta tafi gida. Kwana tara bai yi mata magana ba.

A cikin kwanakin Injiniya ya sauka daga shugabanci, wai harkokin shago sun yi masa yawa. Ƙungiya ta aiko wa Direba takardar ban haƙuri da gayyata, ya ce a sa ta ƙarƙashin ƙafar tebur da ke rawa. Ita ma Auta an aiko mata da tata takardar, amma ta kora ce, saboda ta taɓa motar wani ba da izini ba. Ko a jikinta. Ta ma sake hanyar zuwa aiki, ta koma bi ta gaban shagon tayil duk da ya fi nisa. Kullum da safe sai ta tsaya a bakin shagon, ta jira sai akwai masu ciniki, ta ce, "Injiniya, an tashi lafiya? Ya ƙofa?" Har ya kai in ya hango ta sai ya shige sito.

Rana ta goma matar Direba ta kira ta a waya ta ce yayanta na nemanta. Ta same shi a falo, gwangwanin jajayen bulo a buɗe a gabansa. Ya nuna mata kujera, ya ce ta fara da kujerun fasinja, kuma kada ta sa masa su a karkace. Ta gama layi ɗaya. Tana cikin na biyu ya yi gyaran murya.

"Minti nawa ya yi yana gumi?"

"Arba'in."

Direba ya girgiza kai. "Kin yi gaggawa, Auta. Da kin bar shi ya cika awa."