Tabon Baba

Mai hoto yana cikin rage wa wani ango tumbi a kwamfuta sai wata mata ta faɗo shagon ko sallama babu, yayanta na biye da ita.

"Baba ya ɓata," ta ce tana haki. "Tun jiya ya fita. Mantuwa ta kama shi, ko sunansa ba ya riƙewa."

Ta ajiye hoto a kan tebur. Nan take mai hoto ya gane aikinsa. Bara ya ɗauke shi, kuma ita ce ta tsaya a kansa tana cewa a goge nan, a haska can, har tsohon ya koma kamar sabon ango: ba furfura, ba tamoji, haƙora reras.

"Mun raba shi a tasha da asibitoci," in ji yayan. "Wani direba ya ce ya ga tsoho yana gararamba, amma ba wannan kyakkyawan ba ne."

"Na asalin za ka ba mu," ta ce.

"Ai na goge, Hajiya. Ke kika ce kada ido ya sake ganinsa."

Suka duba wayoyinsu. Hotunan biki ne da na yara, na Baba kuwa wannan ɗin ne dai.

Mai hoto ya gyara zama. Tunda ya buɗe shagon nan ba a taɓa roƙonsa ya tsufar da mutum ba. Ya mayar da furfura, ya dusashe hasken fatar, ya zare haƙoran gaba biyu. Suna tsaye a bayansa suna ba da umarni.

"Ƙara ramin ido."

"Wuyan ya fi haka yamushewa, Yaya, gaya masa."

A hankali tsohon ya fara fitowa, har matar ta kai gefen mayafi tana share ido.

"Saura tabo," in ji mai hoto. "Na tuna na goge wani babba a kuncinsa. Da shi za a fi saurin gane shi. A wane ɓangare yake?"

"Dama," ta ce.

"Hagu," in ji yayan.

Suka kalli juna. Gida ɗaya suke kwana da shi, kullum su ke miƙa masa magani.

Mai hoto ya ɗora hannu a kan linzamin kwamfuta, yana jira.