Itacen da Maharazu Ya Sare

Maharazu yana cikin ɗaure rassan da igiya sai Scholastica ta leƙo ta tagar kicin, ta ɗora hannu a ka.

"Malam Maharazu! Me ka aikata?"

"Gyara na yi," ya ce, yana share gumi duk da sanyin Janairu. "Tsoho zai dawo daga asibiti ya tarar da bayan gidansa fes."

Wata biyu ke nan da ma'aikatarsu ta turo shi kwas London daga Kano, a shekarun da kuɗin mai ya sa kowane ofis yake tura mutanensa waje. Ya kama ɗaki a Catford, a gidan wani tsoho ɗan Italiya mai suna Ottavio, wanda ya riƙe shi kamar ɗa, har ya daina shigo da naman alade gidan saboda shi. Da ciwon ƙirji ya kwantar da tsohon, Maharazu ya rasa abin da zai saka masa da shi. Shi ɗan manomi ne, kuma a garinsu ba a barin busasshen itace a jikin bango, don gara yake jawowa. Saboda haka ya ɗauki zarto da shebur, ya sare wani murɗaɗɗen itace marar ganye, ya tone saiwarsa, ya daddatsa ta.

Scholastica nas ce 'yar Jos, shekararta biyar a ɗakin sama. Ta fito da silifas, ta tsaya a kan ramin.

"Ba mutuwa ya yi ba, Malam. Haka inabi yake tuɓe ganye da sanyi. Daga gonar ubansa a Italiya tsohon ya taho da reshen, a naɗe cikin jiƙaƙƙiyar safa. Timorasso yake kiransa, farin inabi ne. Ya ce ko a can yawanci sun tuge nasu sun shuka wani iri. Bara da aka yi zafin nan ne ya nuna sosai, ya sami giya kwalba huɗu. Har kuka ya yi, a gabana."

Maharazu ya saki igiyar. Ya dubi zarton, ya dubi ramin.

"Sista, ko za a ce masa iska ce ta kayar da shi?"

"Iska mai zarto?" Ta harare shi. "Ni ba zan faɗa masa ba. Kai da ka iya gyara, je ka."

Ya jingina damin kusa da kwandon shara, ya hau bas. Sau biyu yana miƙewa zai sauka kafin a kai asibitin, sau biyu yana komawa ya zauna.

Tsohon ya rame, amma da ya hango shi sai ya washe baki, ya jawo masa kujera da kansa. Wannan fara'a ta fi zagi zafi a wurin Maharazu. Ya ƙi zama. Ya cire hularsa, ya faɗi abin da ya yi da Turancinsa na ofis, bai rage komai ba, har da shawarar ƙaryar da ya kawo.

Ottavio ya juya fuskarsa bango.

"Ka ƙone rassan?" ya tambaya, bai juyo ba.

"A'a, Baba. Suna bakin shara."

"Yau wace rana?"

"Laraba."

"Gobe da safe masu kwasar shara za su zo." Ya juyo a hankali, ya miƙa siririn hannunsa, ya auna daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu. "Ka yanka kamar haka, kowane da ido uku. Ka binne su a yashi mai laima. Ba lalle ko ɗaya ya kama ba."

"In ya kama, yaushe zai yi 'ya'ya?"

"Shekara uku. Ko huɗu."

Kwas ɗin Maharazu zai ƙare a watan Yuni. Tsohon kuwa ya haura tamanin. Dukansu sun san haka.

"Na san addininka," in ji Ottavio. "Itacen giya ne. In ba za ka iya ba, ka ce wa Scholastica."

Maharazu, wanda ko ƙofar mashaya bai taɓa takawa ba, ya tsaya yana murza hularsa.

"Hannuna ne ya sare, Baba," ya ce. "A ina ake samun yashi a garin nan?"