Hamsin da Huɗu a Takarda

Shekara talatin da ɗaya Sugako Ikehata ta yi tana sintiri a dutsen da ke bayan garinmu, kuma kullum ita ce mai saukowa ta ƙarshe. In yamma ta yi aka tsayar da kujerun waya masu kai mutane sama, sai ta taso daga ƙololuwa a kan allunan zamiya da ake ɗaura wa ƙafa, tana leƙa kowane kwari da gindin kowace bishiya, ko an bar wani a kwance cikin dusar ƙanƙara. Sai ta iso ƙasa ake rufe dutsen. Aikin ba wani abin a zo a gani ba ne, amma da shi aka san ta, ita ma da shi ta san kanta.

A bazarar bara aka yanke mata rabin tumbi a wani asibiti a birni. Ta ce wa mutane ɗan ƙari ne, an cire, magana ta ƙare. Da sanyi ya shigo ta dawo bakin aiki da riguna uku a ƙarƙashin jar rigar sintiri. Ba wanda ya ce mata uffan, domin mutanenmu gwanaye ne wajen ganin abu su kau da kai. Allunanta ne kawai ba su san wannan ladabi ba. Dogaye ne, da falle biyu na ƙarfe a cikinsu, irin waɗanda sai ka danne su da nauyin jikinka kafin su lanƙwasa su sha kwana. Da can tana takawa suke bi. Yanzu in ta ce hagu, sai su miƙe da ita abinsu. Sau uku ta faɗi cikin mako biyu, na ukun ma a gaban 'yan makarantar da aka kawo daga Osaka.

Shugaban 'yan sintiri, Daigo Uchiyama, ita ta koya masa ɗaurin karaya tun bai fara aske gemu ba. Ya kira ta ɗaki, ya zuba mata shayi, ya yi ta kewaye-kewaye a kan yanayin bana har shayin ya huce, sannan ya fito da maganar. Ranar Asabar da safe za su hau tare, ta sauko ta gefen arewa yana biye da ita. A sama ƙanƙara ce daskararriya, a tsakiya dusa mai zurfi cikin bishiyoyi, a ƙasa kuma wadda ƙafafu suka dagargaza. In ta sauko ba faɗuwa, aikinta yana nan. In kuwa ta faɗi, akwai kujera a rumfar sayar da tikiti. Sugako ta ce shayin ya yi daɗi, ta fita.

Ranar Laraba ta saɓa allunanta ta nufi shagon Tokuji Horiuchi. Ajinsu ɗaya tun firamare, kuma tun lokacin ba su taɓa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ta same shi yana goga wa wani allo kaki, shagon duk ya cika da ƙauri.

"Toku-chan, har yanzu kana nan? Na ɗauka an sayar da kai tare da tsofaffin kaya."

"An gwada, ba wanda ya taya. Zauna, Suga-chan, kina tare mini haske, ko da yake ba da yawa ba."

Ta yi kamar ba ta ji ƙarshen maganar ba. Ta ce masa allo take so wanda zai ci ko'ina a dutse, daga daskararriya har dusa mai zurfi, ba wanda sai an share masa hanya ba. Bai tambaye ta dalili ba, don labarin Asabar ya riga ta isowa shagon. Ya miƙa mata fom ɗin da ake ba kowa: suna, shekaru, tsayi, tsawon takalmi, nauyi. Ta cike sauran layukan da sauri. A layin nauyi ta rubuta kilo hamsin da huɗu, wato nauyinta na kafin asibiti.

Tokuji ya karanta, ya ajiye a kan tebur. Shi yana da tasa hanyar gwaji, wadda ya gada wajen mahaifinsa, kuma dillalan kamfanoni sun yi dariyarta har sun gaji. Gungume biyu yake ajiyewa a ƙasa, ya ɗora kan allo a ɗaya, wutsiya a ɗaya, ya sa kwalin ashana a ƙarƙashin tsakiya. Mai saye ya hau ya tsaya da ƙafa ɗaya yana dafe da bango. In allon ya lanƙwasa ya taɓa kwalin, naka ne. In ya murƙushe shi, ya yi maka laushi. In bai kai ba, ya fi ƙarfinka.

Ya ɗora tsohon allonta, ta hau. Ya durƙusa ya leƙa. Tsakanin allo da kwali yatsa biyu za su shige ba gardama. Ta ɗan matsa ƙafa a ɓoye, allon bai ko kula ta ba.

"Sun tsufa," in ji Tokuji yana miƙewa da ƙyar. "Allo in ya tsufa taurin kai yake yi."

Ko yaron goye a garinmu ya san allo laushi yake yi in ya tsufa. Ita ta sani, shi ya sani, amma ta gyaɗa kai ta ce ai dama ta yi zargin haka.

Sai ya nufi jerin da ke kusa da taga. Shekara da shekaru Sugako tana kiran allunan wannan jeri tsinken cin shinkafa na 'yan matan Tokyo, kuma a gaban masu saye take faɗa. Ya ciro guda uku. Na farko faffaɗa ne, ya ce a dusa mai zurfi zai ɗauke ta kamar kwalekwale, amma a daskararriya sai gwiwarta ta yi aikin mutum biyu kafin ta kafa kaifinsa. Na biyu siriri, mai son hanyar da motar gyaran dusa ta daddale da safe, yana shiga cikin bishiyoyi zai nutse. Na uku tsaka-tsaki, tsayinsa iyakar hancinta, kansa ya ɗan ɗaga da wuri don kada ya caki dusa, ba ƙarfe a ciki sai ɗan zirin da ke ƙarƙashin ƙafa. Ta ɗaga shi da hannu ɗaya, ta taɓe baki.

"Da me aka yi cikinsa, takarda?"

"Itacen kiri, mara nauyin nan."

"Wanda ake akwatin amare da shi? A shekaruna?"

"Hau dai, amarya."

Ta hau. Allon ya sauka a hankali ya zauna a kan kwalin ashana, bai murƙushe shi ba. Ta ji shi a tafin ƙafarta yana amsawa, abin da ta yi wata biyu ba ta ji ba, sai haushi da daɗi suka zo mata lokaci guda. Ta yi ƙorafi a kan furannin da aka zana a jikinsa. Tokuji ya ce in ta yi gudu sosai ba mai ganinsu.

Saura makama, ƙarfen da ke riƙe takalmi a jikin allo. Akwai lamba a jikinta da ake saitawa da sukundireba, kuma daga fom ake fitar da ita. In lambar ta dace da nauyin mutum, yana yin muguwar faɗuwa makamar za ta saki, allo ya fice, ƙafa ta tsira. In an ɗaure ta fiye da kima ba za ta saki ba, sai gwiwa ta murɗe ko ƙashi ya karye. Sai dai lamba ƙarama tana da nata halin, wani lokaci bugu ɗaya mai ƙarfi ya isa ta saki mutum yana tsaka da tafiya. Sugako ta san wannan fiye da kowa, don ta sauko da masu karaya daga dutsen nan har ba ta san adadinsu ba.

Tokuji ya ɗauki sukundireba, ya duba fom, ya ajiye sukundireban. Ya ce biron nan zuba yake yi, rubutun bai fito ba. Ya ciro sabon fom ya ajiye a gabanta, ya ce bari ya ɗora ruwan shayi, ya shige ciki ya daɗe. Ta zauna tana kallon layin. Da hamsin da huɗu allon ba zai fice mata ranar Asabar ba, komai bugu. Ta sake rubuta hamsin da huɗu, wannan karon da manyan lambobi.

Ya dawo da kofi biyu da ɗan ganyen da aka tsuma a gishiri a faranti. Ya karanta a tsaye. Ya ajiye fom ɗin a kan tebur.

"Ba zan murɗa wannan ba, Suga-chan."

"Abin da na rubuta ke nan, kuma ni zan sa hannu."

"Ki kai birni, can abin da kika rubuta za su murɗa miki, ba su san ki ba. Ni na san ki."

"Ka san me Asabar take nufi a wurina."

"Na sani. Na kuma san ƙafa in ta karye a shekarunmu ba ta komawa daidai."

A garinmu ba a magana haka. Shi kansa kunnuwansa sun yi ja, ya koma yana gyara zaman kofi a kan faranti. Sugako ta ji kunya, ta ji fushi, ta kuma ji gajiya, kuma gajiyar ta fi yawa. Ko ƙanwarta da ta yi jinyarta ba ta taɓa jin lambar ba.

"Arba'in da uku," ta ce. "Da riguna."

Bai ɗago ya dube ta ba. Ya tura mata fom na uku, ta rubuta, ta sa hannu. Ya bi jadawalin da ke manne a bango da yatsa, ya murɗa makamar baya, ya sa takalminta a ciki ya gwada sau biyu. Suka sha shayinsu suna zagin sabon mai gidan wanka da ya rage zafin ruwa.

Ranar Asabar gari ya waye garau, da iska. A ƙololuwa Daigo ya saci kallon furannin da ke jikin allunanta. Ta gangara. A daskararriya allunan sun ɗan yi rawa, amma ta ce hagu suka yi hagu, ta ce dama suka yi dama. Da ta shiga bishiyoyi kawunansu suka taso saman dusa da kansu, ta riƙa ratsawa tsakanin itatuwa ba tare da ta yi kokawa da komai ba. Ta yi farin ciki ƙwarai a wurin nan, har ta manta akwai mai binta a baya.

A gangaren ƙarshe abin ya faru, inda ake hango rufin ɗakin sintiri. Wani dunƙulen ƙanƙara da ya daskare da sanyin asuba yana ɓoye ƙarƙashin dagargazajjiyar dusa. Allon hagu ya doke shi, makama ta yi ƙas ta saki. Sugako ta tafi da ƙafa ɗaya taku kaɗan, ta kife, ta mirgina sau biyu ta tsaya a rigingine. Ta yi abin da take sa wasu su yi. Ta motsa yatsun ƙafa, ta lanƙwasa gwiwar hagu, ta lanƙwasa ta dama. Ba abin da ya same su.

Daigo ya gangara ya ɗauko allon, ya tako da shi zuwa wurinta. Yana kakkaɓe dusar da ta cika makamar idonsa ya sauka a kan lambar. Duk ɗan sintiri yana iya karanta nauyin mutum daga wannan lamba. Ta ga ya karanta, ta ga fuskarsa ta canza.

"Ikehata-san, wannan ba faɗuwa ba ce," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Makama ce ta saki. An sa ta ƙasa da yawa. A ƙara ɗaure ta kaɗan, mu sake hawa gobe, ba wanda zai ce komai."

Ta san da gaske yake, ta kuma san zai rubuta hakan a rahotonsa ba tare da ya ji ko ɗar ba. Ta tashi zaune, ta karɓi allon daga hannunsa, ta duba lambar ita ma.

"Daidai take, Daigo-kun. Lambata ce. Ka rubuta na faɗi."

Ya dube ta. Sannan ya cire hularsa ya sunkuya mata cikin girmamawa, ya daɗe a sunkuye, iska tana watsa masa dusa a ƙeya. Ita kuwa ta miƙe, ta buga ƙasan takalminta da sandar zamiyarta har ƙanƙarar da ta manne ta zube, ta taka makamar ta shige ba wahala. Abin da ya rage zuwa ƙasa bai fi mita ɗari biyu ba. Ta sauko da shi a hankali, tana shan kwana fiye da yadda gangaren yake bukata.